Bido Huɗu a Rumbun Li'azaru

Li'azaru taubashina ne, ɗan kawuna, kuma tun muna yara ban taɓa barinsa ya wuce ni lafiya ba. In ya sa sabuwar riga in ce aro ya yi, in ya yi aski in ce ɓera ne ya gaigaye masa kai. Shi kuma ya tsaya ya dube ni ya ce, "Hafsatu, da bakin nan naki gona ne, da Madarumfa ta huta da yunwa." A haka muka tsufa. Yanzu ya ba shekara sittin da biyar baya, ni ina bin sa da huɗu. Abin da zan faɗa a kansa ba shi ya sa ni ba, in ma ya ji zai yi fushi. To ya yi, ai ba yau ya fara ba.

Ubansa, Kawu Ado, ya zama Kirista ne sa'ad da ya yi doguwar jinya a asibitin ƴan mishan. Ya dawo da lafiyarsa da littafi a hammata. Uwata ta yi kwana biyu tana kuka, a na uku ta dama fura ta aika masa, magana ta mutu a nan. Mu muna sallarmu, su suna zuwa majami'arsu ran Lahadi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, a gefen gari ta wajen tabki, kuma har yau in an ɗora miya a can sai na san ko ta kuka ce ko ta kuɓewa.

Sana'ar Kawu ginin rumbu ce, ita Li'azaru ya gada. Daga Safo har Gabi, in ka ga rumbun ƙasa mai ƙaton ciki da siririn wuya zaune bisa duwatsu, tambaya ka ji, hannunsa ne. Shi ya sa ake ce masa Mai Rumbu. Ba ya gaggawa ko kaɗan. Laka sai ta kwana bakwai a kwaɓe da ciyawa har ta fara wari, sannan ya ɗora tsawon tafin hannu biyu ya tafi abinsa, sai gobe. Masu rumbun su yi ta gunaguni, shi ko a jikinsa. In ya zo ɗora jinka a kai kuwa, ba ya yarda ta zauna dam. Sai ya sa yatsa biyu ya tabbatar akwai ƴar kafa tsakaninta da bakin rumbun. Ya sha gaya wa mutane, "Hatsi rai gare shi, numfashi yake yi. In ka toshe shi zai yi zufa, in ya yi zufa ya ruɓe." Na ji maganar nan ta fi sau ɗari, har kwaikwayonsa nake yi a gidan biki mata suna faɗuwa don dariya.

Amma abin da ya fi rumbu a wurinsa tukunya ce. A yunwar tamanin da huɗu, yana saurayi, ya ga ranar da Kawu Ado ya tara ƴaƴansa a tsakar gida ya ce ya kasa, kowa ya je ya nemi abin da zai ci da nasa iyalin. Wannan shi muke ce wa raba tukunya. A satin nan ƙanensa Tanko ya tsallaka Najeriya, kuma har Kawu ya rasu ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Tun daga ranar Li'azaru ya ɗaura wa ransa cewa ba za a taɓa hura wuta biyu a gidansa ba. Ya auri Debora. Ƴan matan da suka haifa suka yi aure suka tafi, maza biyu, Markus da Filimon, suka yi aure suka zauna. Baki goma sha huɗu, tukunya ɗaya, Debora ce mai awo. Gida nawa ne a unguwarmu da rani ya shigo maigida zai rufe rumbu, samari su tafi cin rani, kowace mace ta san yadda za ta yi da ƴaƴanta? Da yawa. Gidan Li'azaru ba a taɓa yin haka ba.

Rumbunansa uku ne, na ci, na iri, da na tsimi. Na tsimin ba a taɓa shi sai ranar tsanani. A al'adarmu kuma mace ba ta leƙa rumbun maigida, ɗa ma ba ya leƙawa sai uban ya ce masa hau. Li'azaru ya riƙe wannan fiye da kowa. Debora ta yi shekara arba'in a gidan ba ta san yadda cikin rumbun tsimi yake ba. Ni da na taɓa kama tsani don tsokana kawai, sai da ya yi sati bai amsa gaisuwata ba.

Ban da gonar tudu inda yake gero da wake, yana da garka a fadama, kamar rabin eka. A dā da jigo ake ba ta ruwa daga wata tsohuwar rijiya mai faɗin baki, a samu ɗan albasa da tumatir. Da injin ban ruwa ya shigo, wanda muke ce wa mote, sai aka haƙa masa siririyar rijiya ta tiyo, irin wadda ko guga ba ya shiga. Tsohuwar kuwa da hannunsa ya cike ta da ƙasa bayan akuya ta faɗa ciki. Wa zai ga laifinsa? Lokacin isansi, wato man fetur, kamar ruwa yake. Ƴan ruwa-ruwa suna shigo da shi daga Jibiya bisa babura, jarkokin da muke ce wa bido, shida ko takwas a ɗaure, kowane lungu ka ga tebur da kwalabe. Da moten nan ya fara noman masara da rani, kuma ita ce ke toshe masa duk wani giɓi da damana ta bari.

Sai abu ya juya. Can Najeriya mai ya yi tsada, aka kuma rufe iyaka na wani lokaci, teburan kwalabe suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya koma estasiyo, inda ake sayar da man ƙasarmu. Mutane suna ta murna wai ai muna da namu. Li'azaru kaɗai na ji yana tsaki. Wata rana yana zaune ƙofar gida yana tufka igiya ya ce mini, "Hafsatu, dā gida biyu ke ci da mu, yanzu saura ɗaya. Har mutanen can sun fara zuwa saye a nan. Ke kin taɓa jin an ce ga inda ƙasar nan ta yi tsimin mai?"

Na ce, "Oho. Ni fura nake sayarwa, ba a dama ta da isansi."

Ya ce, "Geron furar fa, a ka ake kawo miki shi daga ƙauye?"

Na ce in maganar ta dame shi ya je ya gaya wa gwamna, ya san hanyar Maradi.

Damanar dubu biyu da ashirin da huɗu ruwa ya yi mana abin da ba mu taɓa gani ba. Gulbi ya cika ya tumbatsa, tabki ya biyo mu har cikin unguwa. Rumbunan Li'azaru uku, duwatsun gindinsu suka nutse, lakar ta jiƙe, suka zauna ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka muna tsaye muna kallo. Geron shekara uku, jama'a. Abin da aka tsamo ya tsira cikin kwana biyu, ya yi tsami, kaji ma suka ƙi shi. Ranar ban tsokane shi ba. Gonar tudu ta ba da ɗan abin da ta ba da, Debora ta duba ta ce in an bi a hankali zai kai su ƙarshen watan huɗu. Daga nan har sabon gero, wata biyar cur, babu abin dogara sai masarar garka. Kowa a gidan ya san haka ko ba a faɗa ba. In masara ta yi, tukunya ta tsira. In ba ta yi ba, za a raba.

Ruwa na janyewa Li'azaru ya gina ƙaramin rumbu ɗaya a bayan gida, jikin katangata, inda ƙasa ta fi tudu. Muka ɗauka na gero ne. Ashe ba shi ba ne. Ya kai ragunansa biyu kasuwa, ya sayo isansi bido huɗu, masu lita ashirin da biyar-biyar. Shi kaɗai ya zura su ciki da igiya, ya kawo jinka ya ɗora. Sannan ya tara gida ya ce wannan rumbun tsimi ne, hukuncinsa ɗaya da na gero. Man yau da kullum za a riƙa sayo shi a estasiyo lita biyu lita uku kamar kowa, wannan kuwa sai ranar da aka rasa. Markus, wanda ke kabu-kabu da babur tsakanin Madarumfa da Maradi, ya ce, "Baba, bari in duba yadda suka zauna." Uban ya ɗaga kai ya dube shi sau ɗaya. Markus ya sunkuyar da kai, bai ƙara ba.

Gari ya ɗauka. Ana ta dariya wai Mai Rumbu ya koma tsimin isansi, saura ya shuka shi ya gani ko zai tsira. Ni ce kan gaba. Duk sanda wari ya buge ni ta kan katanga sai in ɗaga murya in ce, "Mai estasiyo, a zuba mini na dala ashirin a ƙwaryar fura!" In rana ta take, warin har cikin ɗakina. Su can cikin gida bai cika kai musu ba, Markus kuwa da ke wuni cikin isansi hancinsa ya daɗe da daina jin sa. Ni ce na fi kowa shaƙa. Wata biyar ina shaƙa ina wasa da shi, kuma wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba in tambayi kaina, abin da ke rufe yaya yake wari haka.

Bayan Kirsimeti suka shuka. Masarar ta yi kyau, kai, ta yi kyau! Kore shar har tana baƙi-baƙi, ta shanye tsawon Filimon da ke ba ta ruwa duk bayan kwana uku. Mutane suna ratsewa daga hanya don su gan ta. Farkon watan uku, daidai da kamawar azuminmu, ta fid da kai ta fara goyo. Duk manomi ya san a nan ne masara ba ta haƙuri da ƙishi. Kafin nan in ta sha wuya tana farfaɗowa, bayan nan kuma ta riga ta yi ido. Amma a cikin kwanakin nan goma sha biyar in ruwa ya yanke mata, totuwa za ka girba.

A satin nan mai ya ɓace. Ba a hankali ba, rana ɗaya muka wayi gari an ɗaure igiya a ƙofar estasiyo. Ƴan kwalaben da suka rage, litar da muka sani dala ɗari ta koma ɗari huɗu, ɗari biyar, ita ma sai ka san mutum. A rediyo ana ta bayani, kowa da nasa dalili. Fadama kuwa ta yi tsit. Wanda ya san fadamarmu da rani ya san ƙarar mote ba ta yankewa daga safe har yamma, sai ga shi kana tsaye a garka kana jin kukan tsuntsaye daga tabki. Masu dariyar nan suka fara zuwa ƙofar Li'azaru suna doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ina su jikoki. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a raina. Na ce yau dai taubashina zai rama.

Shi ma ya ji daɗin, na gani a tafiyarsa. Ran Talata da safe ya kira ƴaƴansa biyu, ya aiko a kira ni, wai in zo da ƙwaryata estasiyo ta buɗe. Ya yi gajeriyar addu'a, ya ɗage jinka, ya ce wa Markus, "Yau na ce hau."

Markus ya hau tsani ya leƙa. Ya sake leƙawa. Can ya ce, "Baba, ina marufan?"

"Suna nan cikin ƙwarya a gefe, na adana su."

"Wa ya cire su?"

"Ni."

Markus ya jawo bidon farko da hannu ɗaya. Hannu ɗaya, abin da sai an yi nishi ake ɗagawa. A bakinsa farin ƙyalle ne, an ɗaure shi da zare tsaf, irin ɗaurin da ake yi wa bakin tulu. Duk huɗun haka suke. Li'azaru ya shiga bayani, muryarsa ko rawa ba ta yi, don har lokacin bai gane ba. Ya ce satin farko da ya leƙa ya tarar bidunan sun kumbura da zafi kamar za su fashe. Da ya kwance murfi ɗaya sai ya ji ya yi huci. Ya ce a ransa, ashe shi ma numfashi yake yi. Shi ne ya cire marufan ya ɗaura ƙyalle, ƙura da ƙwari kada su shiga, shi kuma man ya samu ya sha iska.

Markus ya sauko ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ya ce, "Baba, isansi in ya ga iska tafiya yake yi."

Aka tsiyaye su wuri ɗaya. Lita ɗari ta koma abin da bai cika bido biyu ba, shi ma ya canza, ya yi ja kamar shayin da ya daɗe bisa wuta, yana wari irin na fenti. A nan na gane. Warin da na yi wata biyar ina yi wa waƙa, ashe man ne ke fita ta ƴar kafar jinka yana bi ta kan katangata, ni ina tafa hannu. Da sau ɗaya na tare Markus na ce masa da gaske, ba da wasa ba, ɗana warin nan ya yi yawa, da ko da fushin ubansa ya hau ya duba. Wannan abu yana cina har yau.

Duk da haka aka kai garka aka zuba. Filimon ya ja igiya har kafaɗarsa ta sage. Mote ya yi tari sau biyu, ya fid da baƙin hayaƙi, ya mutu. Aka kira Lawali makanike, ya kwance cikin injin ya wanke, ya nuna mana wani danƙo a yatsansa. Ya ce, "Baba Li'azaru, ƙarfin man ya riga ya tashi. In an samu sabo a gauraya rabi da rabi, wataƙila ya ja." Sabon kuwa shi ne babu.

Markus ya tafi Maradi ya yi kwana biyu a layi. Masu estasiyo suka ce ba a zuba wa kowa a bido, saboda masu ɓoyewa su sayar da tsada, sai dai a tankin mota ko na babur, shi ma da iyaka. Ya samu lita uku, ya ƙona wani abu a hanyar dawowa. Aka zuƙo sauran da tiyo aka gauraya da tsohon. Mote ya tashi yana gurnani yana shaƙewa, ya shayar da gefe ɗaya na garkar, ya tsaya.

Ran Juma'a aka ce motar dakon mai ta shigo garinmu. Li'azaru ya ce tunda tanki suke so, ai motensa ma yana da tanki. Ya ɗaura jaki, ya ɗora moten bisa amalanke, ya sa rigarsa ta zuwa majami'a, ya je ya shiga layi tsakanin wata mota da tarin babura. Na je na gan shi da idona. Rana tana dukan ƙeya, mutane suna ɗaukarsa hoto da salula, wani mai babur yana cewa, "Tsoho, jakin za a zuba wa?" Da a dā ne, da ni zan fara faɗin haka. Na je na tsaya kusa da jakin da azumi a bakina, na wanke mai babur ɗin nan tas, sai da ya koma kallon ƙasa.

Li'azaru bai dube ni ba. Ya ce, "Koma gida, kina azumi."

Na ce, "Azumina ne ko naka?"

Daga hantsi har la'asar muna matsawa taki ɗaya-ɗaya. Saura mutum huɗu a gabansa, mai zubawa ya ɗaga tiyo sama ya girgiza shi ya ce ya ƙare. Ni ban yi lakkwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba, amma ranar na yi magana da ƙarfi kowa ya ji. Na ce yaya ƙasar da ake haƙo mai a cikinta, manominta zai kawo mote layi bisa jaki ya koma haka? Mai mota in ya rasa yau, gobe ya yi tafiyarsa. Masara fa, wa zai ce mata ta jira gobe? Kowa ya ci gaba da tura babur ɗinsa.

Li'azaru ya juya jakin da kansa. A hanya ne ya yi magana, kuma ba ni yake kallo ba. Ya ce, "Da ban ajiye ba, Hafsatu, da tun watan biyu na riƙa tarawa kaɗan-kaɗan kamar yadda wasu suka yi. Ajiyar ce ta sa na miƙe ƙafa." Na dafa gefen amalanken muka ci gaba da tafiya. Har muka iso gida ƙarar ƙafar amalanke kawai ake ji.

Sai aka koma ɗiban ruwa daga tabki. Ga ruwa nan ƙarƙashin garkar kamu kaɗan, amma rijiyar tiyo ba ta da bakin da guga zai shiga. Duro biyu bisa amalanke, tafiya mai nisa cikin yashi, sawu shida a wuni in jakin ya yarda. Gidan duka ya fita, Debora da surukanta da bokitai, ni ma da nawa. Muna zuba wa kowane gindi kwano ɗaya, ƙasa tana shanyewa kafin ka ɗaga ƙafa. Layi takwas muka iya riƙewa. Sauran muna kallo ganyen ya naɗe, ya yi toka-toka, gemun goyon ya bushe. Filimon yana bi yana ɓare goyo yana dubawa ko akwai ido, har uban ya ce masa ya bari haka nan.

Bayan kwana goma sha biyu mai ya dawo. Aka kwance igiyar estasiyo, layi ya watse, fadama ta sake ɗaukar ƙara kamar ba a yi komai ba. Masu albasa wasunsu sun tsira. Masu masara da abin ya same su a kan goyo kuwa, a gefenmu dai, ba wanda ya ga abin kirki. Filimon ya sayo lita biyar ya tada mote ya shayar da garkar duka, ruwa yana gudu gwanin sha'awa a gindin karan da ya riga ya mutu. Na ce masa wannan ɓarnar ta mece ce? Ya ce, "Gwaggo, ban san abin da zan yi ba ne."

Buhu ɗaya da ƴan tiyoyi aka samu, inda ake sa ran goma sha biyar. Karan aka sayar wa masu shanu.

Lahadin da ta biyo bayan bikinsu na Ista, da suka dawo daga majami'a, Li'azaru ya ce a shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ya aiko a kira ni in zauna, wai ni ce babbar da ta rage masa a dangi. Bai yi dogon zance ba. Ya ce abin da ke gidan ba zai kai baki goma sha huɗu ko'ina ba, ya kasa, kowa ya kama nasa.

Markus ya ce, "Baba, mu riƙa ci sau ɗaya a wuni, amma tare."

Uban ya ce, "Manya za su iya. Yaran fa?"

Markus ya ce, "Ai ba kai kaɗai ba ne, Baba. Ƙasa duka ce ta rasa mai."

Uban ya ce, "Ƙasa ba ta yi muku alkawari ba. Ni na yi."

Ya sa aka fito da sauran gero da masarar, ya kasa uku da hannunsa, ya ɗebi na kasonsa ya ƙara wa mai yara da yawa. Filimon zai kai matarsa da ƴaƴansu Gabi wurin iyayenta, shi ya tsallaka Najeriya neman aikin ƙarfi kafin ruwa ya sauka. Markus zai hau babur ɗinsa ya nufi Agadas, matarsa ta hura tata wutar a ƙofar ɗakinta. Ba wanda ya ɗaga murya. Surukan suna sharar hawaye da bakin zane, Debora tana zaune ta ƙura wa tabarma ido. Li'azaru ya tashi ya shiga ɗaki, ya bar takalmansa a nan inda ya cire su. Ran Litinin Filimon ya tafi, ran Talata Markus.

Ran Laraba da la'asar na ji Debora tana kirana ta kan katanga, a hankali, kamar ba ta so a ji. Na zaga na same ta gaban murhu da wata ƴar tukunya da ta aro wurin surukarta, ga ƙwaryar gari a gefe, ruwa yana ta tafasa ba ta zuba ba. Ni shekarata tara da rasuwar mijina, ƴaƴana kowa na gidansa, na daɗe da sabawa da girkin ƙaramar tukunya.

Ta ce, "Jiya na tuƙa, ya ishi mutum takwas, shi kuma loma uku ya yi ya ture. Ga gari ba shi da yawa, ina ɓarna. Hafsatu, ke kin sani, nawa ake zuba wa mutum biyu?"

Na durƙusa na ɗebo da hannuna, tafi biyu da rabi, na zuba mata a faifai. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Yaya."

A nan kuka ya ƙwace mata, ni ma ya ƙwace mini, muka yi shi ƙasa-ƙasa don yana ɗaki yana ji. Da ta share ido ta zuba garin ta jawo muciyarta za ta tuƙa, sai muciyar ta ƙi juyawa cikin tukunyar, ta yi mata girma. Sai da na koma gida na ɗauko mata tawa.